Ma'aunin Nasara a Kwatancen Tsare-tsaren Zaburar da Gidan Ƙwai: Sharhi a kan Wasu Nazarce-nazarce

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan yadda masana likitancin haihuwa suka kwatanta tsare-tsaren magungunan da ake zaburar da gidan ƙwan mace da su, sa'ad da ake shirin haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki, watau aikin nan da aka sani da IVF, wanda jama'a ke kira dashen ciki. Zaɓen magani aikin likita ne, ba zan shiga gonarsa ba. Abin da nake so mahalarta wannan taro su duba tare da ni shi ne mudun da aka yi awo da shi. Da'awata kuwa ita ce, an shafe shekaru ana gardama a kan tsarin da ya fi, alhali mafi yawan gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su ba su ƙidaya abin da ya kai mace asibiti ba, watau jariri mai rai a hannu, kuma ba su bi ta har ƙarshen maganin ba. Sun ƙidaya ƙwai, sun ƙidaya shigar ciki, suka tsaya nan.

Batun ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Kaɗan ne ke kaiwa ga dashen ciki, amma ga waɗanda suka kai, magungunan zaburarwa suna cikin abubuwan da suka fi cinye musu kuɗi, kuma daga gare su ne haɗari mafi girma na aikin yake tasowa.

Asalin tsare-tsaren

Tilas a fara da taƙaitaccen bayani, domin ba dukan mahalarta ne likitoci ba. A kowane wata 'yan jakunkuna da dama masu ɗauke da ƙwai sukan fara girma a gidan ƙwai, sai ɗaya ta rinjayi saura ta nuna, sauran su shanye. Mai tafiyar da wannan al'amari wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ake kira fituwitari. Shi ke sakin homon iri biyu cikin jini: FSH mai raya jakunkunan, da LH wanda idan ya yi ambaliya a tsakiyar wata sai jaka ta fashe ƙwai ya fito. Shi kansa ƙullutun umarni yake karɓa daga wani homon na ƙwaƙwalwa, GnRH, wanda Andrew Schally da abokan aikinsa suka gano ƙirarsa a 1971.

Jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, wadda aka haifa a Oldham ta Ingila ran 25 ga Yuli 1978, daga ƙwai ɗaya tilo aka same ta ba tare da zaburarwa ba, domin Steptoe da Edwards sun riga sun gwada magunguna ba su ga biyan bukata ba. Ba a daɗe ba sai al'amari ya sake. A 1981 Alan Trounson da abokansa a Melbon ta Ostireliya suka ba da rahoton ciki bayan zaburarwa da ƙwayar kulomifin, a Norfolk ta Amurka kuma Howard da Georgeanna Jones suka yi nasara da allurar homon da ake tacewa daga fitsarin matan da suka daina haila. Yawan ƙwai ya kawo yawan 'yan tayi, amma ya zo da tasa matsalar. Jakunkuna masu yawa sukan cika jini da homon estirojin, wannan kuwa ya yaudari fituwitari ya saki ambaliyar LH kafin lokaci, ƙwai su lalace ko su fice kafin likita ya ɗebe su. Kusan zagaye ɗaya cikin biyar yakan salwanta ta haka.

Duk tsare-tsaren da za a kwatanta dabaru ne na rufe wa fituwitari baki. Na farko ya bayyana a 1984, lokacin da Porter da abokansa a Landan suka wallafa aikinsu da maganin buserelin a mujallar Lancet. Wannan magani kwaikwayon GnRH yake yi. Da farko yakan ingiza ƙullutun ya yi aiki fiye da kima, sa'an nan bayan kamar mako biyu ƙullutun ya gaji ya yi shiru. Saboda haka akan fara shi tun wajen kwana na 21 na watan da ya gabata, sai an tabbatar ƙullutun ya kwanta kafin a soma allurar FSH. Shi ne ake kira dogon tsari. Mace takan sha allura ko shaƙe na makonni, wasu su yi fama da zufa da ciwon kai irin na masu daina haila. Na biyu ya shigo kasuwa wajen 1999 zuwa 2000 da magungunan cetrorelix da ganirelix, waɗanda ke toshe wurin da GnRH ke sauka, cikin 'yan sa'o'i ƙullutun ya yi shiru. Akan soma su a kwana na biyar ko na shida na zaburarwa, ko kuwa idan jaka mafi girma ta kai wajen milimita 14. A wannan takarda zan kira shi tsarin toshiya. A tsare-tsaren biyu akan rufe da allurar nunarwa, galibi ta hCG, a ɗebi ƙwai bayan kamar sa'a 36.

Haɗarin da na ambata shi ne ciwon wuce kima na gidan ƙwai. Homon hCG yakan daɗe a jini yana ingiza gidan ƙwan da ya riga ya kumbura, jijiyoyin jini su riƙa yoyo, ruwa ya taru a ciki, wani lokaci har a ƙirji, jini ya yi kauri ya daskare, ƙoda ta raunana. Mai tsananinsa yakan kai mace gadon asibiti, ya kuma taɓa kisa. A tuna fa, wadda abin ke samu lafiyarta ƙalau ta zo.

Nazarin Cochrane da abin da ya ɓoye

Aikin da aka fi kafa hujja da shi a wannan gardama shi ne nazarin tattarawa na ƙungiyar Cochrane, wanda Hesham Al-Inany na Alƙahira ya jagoranta. Hanyarsa ita ce a tara duk gwaje-gwajen da aka raba mata kashi biyu ta ƙuri'a, a haɗa alƙalumansu a fitar da hukunci guda. An sabunta shi sau da dama, kuma hukuncin bai tsaya wuri ɗaya ba. Fitowar farko, a farkon shekarun 2000, gwaji biyar kawai ta ƙunsa, ta ce tsarin toshiya ya gaza dogon tsari wajen samar da ciki. Ta 2006 mai gwaji 27 ta maimaita haka. Ta 2011 mai gwaji 45 ta ce ba a ga bambanci ba wajen haihuwa. Ta 2016 ta tara gwaji 73 da mata 12,212, ta kuma yanke cewa babu shaidar bambanci a haihuwar jariri mai rai, amma tsarin toshiya ya rage ciwon wuce kima: inda haɗarin yake kashi 11 cikin ɗari a dogon tsari, a tsarin toshiya zai kasance tsakanin kashi 6 da 9.

Wannan aiki ya cancanci yabo, kuma ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, ta bi sahunsa a jagoranta na 2019, inda ta fifita tsarin toshiya ga galibin mata saboda ya fi aminci. Amma mai karatu ya dubi adadin da kyau. Daga gwaji 73 ɗin nan, 12 ne kacal suka ba da rahoton haihuwar jariri mai rai, matan da ke cikinsu kuwa 2,303 ne. Watau hukuncin da ya fi kowane muhimmanci ya tsaya ne a kan ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na matan da aka ambata a kanun aikin. Gwaji sittin da ɗaya sun sallami matansu tun kafin a ji kukan jariri. Marubutan ba su ɓoye wannan ba, yana nan a rubuce, sai dai masu ambaton aikin adadi 73 suke ɗauka su bar 12.

Abu na biyu, faɗin iyakar da suka bayar. Sun ce idan dogon tsari na ba da haihuwa kashi 29 cikin ɗari, tsarin toshiya zai ba da tsakanin 25 da 33. Wanda ya karanta wannan ya ce an tabbatar da daidaito ya yi gaggawa. Rashin ganin bambanci daban, tabbatar da babu bambanci daban. Gibin kashi huɗu cikin ɗari, ko ta wace fuska ya faɗa, jarirai arba'in ne a cikin kowace mace dubu, kuma ba na jin akwai matar da za ta kira wannan ƙaramin abu.

Shekara ɗaya bayan nan, a 2017, Lambalk da abokansa daga Holan suka sake tattara gwaji 50, amma suka rarraba matan gida-gida. Sai ga shi a cikin galibin mata tsarin toshiya ya ɗan gaza wajen ciki mai ɗorewa, ko da yake ya rage ciwon wuce kima, alhali ga masu ciwon yawan jakunkuna, PCOS, da masu ƙarancin ƙwai ba a ga bambanci ba. Nazari biyu ke nan, kusan daga rumbu ɗaya suka ɗebi hatsi, suka fito da hukunci biyu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ɗaya ya auna haihuwa a gwaje-gwaje kaɗan, ɗaya ya auna ciki mai ɗorewa a gwaje-gwaje masu yawa. Ɗaya ya gauraya mata, ɗaya ya ware su. A ganina Lambalk ya fi gaskiya wajen warewa, domin mace mai shekara 28 da gidan ƙwanta ke cike da jakunkuna ba matsala ɗaya take da ita da mai shekara 39 da ke neman ƙwai uku da ƙyar ba. Cochrane kuma ya fi gaskiya wajen nacewa a kan haihuwa. Aikin da zai haɗa kyawawan halayen biyu da isassun mata shi ne ya yi ƙaranci.

Akwai kuma tambayar me ya sa hukuncin ya juya tsakanin 2006 da 2011, alhali magungunan ba su sake ba. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne hannu ne ya faɗa. Gwaje-gwajen farko an yi su lokacin da likitoci sun shekara goma sha biyar suna sarrafa dogon tsari, sabon kuwa ba su san lagonsa ba. Griesinger da abokansa sun nuna a 2005, daga rajistar dashen ciki ta Jamus, cewa likitoci sun fi ba da tsarin toshiya ga matan da suka manyanta da waɗanda suka riga suka gwada ba su dace ba. Wanda ya dubi alƙaluman asibitoci na wancan zamani zai ga sabon tsari a baya, ya ɗora wa magani laifin zaɓen likita, watau a bar jaki ana dukan taiki. Ko a gwajin ƙuri'a ma ba a iya ɓoye wa likita tsarin da mace ke kai, tun da ɗaya makonni yake ci ɗaya kwanaki. Shi ne kuma mai yanke shawarar soke zagaye, shi ne mai cewa wannan kumburi ya kai a rubuta shi a matsayin ciwo.

Gwajin da na fi gamsuwa da shi a wannan fage shi ne na Toftager da abokanta a Denmak, wanda aka wallafa a 2016, mai mata 1,050 a zagayensu na farko. Ciwon wuce kima mai tsanani ya sami kashi 5.1 cikin ɗari a tsarin toshiya, 8.9 a dogon tsari. Haihuwa daga dashen farko ta kasance 22.8 da 23.8. Abin da ya bambanta wannan aiki shi ne ba su tsaya nan ba. A 2017 suka dawo da rahoton abin da ya faru bayan an dasa 'yan tayin da aka daskarar daga wannan ɗiba ɗaya, sai jimlar ta zama 34.1 a tsarin toshiya, 31.2 a dogon tsari. Bambancin bai kai a kafa hukunci da shi ba ta kowace fuska, amma a lura da yadda wanda ke baya a awon farko ya koma gaba a na biyu. Mata ɗaya, magani ɗaya, wurin da aka tsaida ƙidaya kawai aka gusar.

Yaudarar yawan ƙwai

Yawan ƙwai shi ne ma'aunin da ya fi sauƙin samu, shi ya sa aka fi son sa. Ana ganinsa ranar ɗiba, ba sai an jira wata tara ba, kuma gwaji mai mata ɗari yana iya nuna bambanci a cikinsa, alhali nuna bambanci a haihuwa sai da dubbai. Dogon tsari kuwa yakan ɗan fi ba da ƙwai, don haka ya daɗe yana cin wannan gasa.

Hujjar da ake kawowa ita ce aikin Sunkara da abokanta na 2011, wanda ya duba zagaye 400,135 daga rajistar Birtaniya. Ya nuna haihuwa na ƙaruwa da ƙaruwar ƙwai har zuwa wajen 15, ta tsaya tsakanin 15 da 20, sa'an nan ta soma raguwa. Daga nan lambar 15 ta zama kamar wani abin nema. Ina da ja a nan ta fuska biyu. Da farko, wannan ƙidaya ce ta abin da ya faru, ba gwaji ba ne. Matar da ta ba da ƙwai 15 da ma gidan ƙwanta mai albarka ne. Ba a nuna cewa wadda za ta ba da biyar, in aka tsananta mata allura ta ba da takwas, za ta koma sahun masu takwas na asali ba. Na biyu, dashen farko kaɗai aka ƙidaya. Da Polyzos da abokansa suka haɗa da daskararrun 'yan tayi a 2018, a cikin mata kusan 15,000, sai raguwar nan ta bayan 20 ta ɓace, jimlar haihuwa ta ci gaba da hawa.

Jan farko an gwada shi kai tsaye a Holan, a gwajin da ake kira OPTIMIST wanda aka wallafa a 2017. An ɗauki mata 511 da hoton ciki ya nuna jakunkunansu kaɗan ne, aka ba rabi awon FSH na yau da kullum, 150 a rana, rabi kuma aka ƙara musu zuwa 225 ko 450. Masu ƙarin sun ba da ƙwai fiye, an kuma rage soke musu zagaye. Amma bayan wata 18 haihuwa ta kasance kashi 42.4 cikin ɗari ga masu ƙari, 44.8 ga masu awon da aka saba. An ninka magani har sau uku, kuɗi ya hau, jarirai ba su ƙaru ba. Da yawan ƙwai aka ɗauka ma'auni, da an yi shelar nasara.

Waɗannan mata masu ƙarancin ƙwai su ne adabin wannan fage ya fi zalunta. Polyzos da Devroey sun duba gwaji 47 da aka yi a kansu, a 2011, suka tarar da ma'ana 41 daban-daban ta abin da ake nufi da ƙarancin ƙwai. Kasuwa ce da kowane ɗan awo ya zo da mudunsa. A shekarar ne ESHRE ta fitar da sharuɗɗan Bologna don a daidaita, a 2016 kuma wasu masana suka kawo rabon POSEIDON, amma gwaje-gwajen da aka riga aka yi ba sa gyaruwa da sabuwar ma'ana, kuma su ne dai ake ta sake tattarawa.

Tsarin sassauci

A nan zan taƙaita, ko da yake gwajin ya shahara. A 2007 Heijnen da abokanta suka wallafa a Lancet kwatancen mata 404 a Holan: kashi ɗaya aka yi musu zaburarwa mai sauƙi da tsarin toshiya aka dasa tayi ɗaya, ɗaya kashin aka yi musu dogon tsari aka dasa biyu. Cikin shekara guda haihuwar cikakken wata ta kasance 43.4 da 44.7 cikin ɗari, cikin tagwaye kuwa 0.5 da 13.1. Ma'aunin da suka zaɓa ya yi kyau ƙwarai: mace aka bi, shekara aka ƙidaya, haihuwa aka jira. Illa iyaka abu biyu aka sauya lokaci ɗaya, ƙarfin magani da yawan abin dashe, saboda haka raguwar tagwaye ba ta sassaucin magani ba ce, ta dashen tayi ɗaya ce. Har wa yau an yarda wa masu sassauci zagaye huɗu, masu dogon tsari uku. Wannan batu na yawan zagaye zan komo kansa.

Kwatancen da zamani ya wuce

Babban abin da ke damuna game da tarin gwaje-gwajen nan shi ne, yawancinsu sun kwatanta tsarin toshiya da hannunsa ɗaya a ɗaure. Tun da a wannan tsari fituwitari bai gaji ba, toshe shi kawai aka yi, ana iya barin hCG a yi allurar nunarwa da maganin nan mai kwaikwayon GnRH, ƙullutun ya saki tasa ambaliyar LH wadda ba ta daɗewa a jini. Wannan yakan kusan kawar da ciwon wuce kima mai tsanani. A dogon tsari ba shi yiwuwa, domin ƙullutun ya riga ya kwanta. Matsalar dabarar ita ce mahaifa ba ta samun isasshen tallafi a wannan wata, kamar yadda Humaidan da abokansa suka gani a 2005, inda ciki ya ragu ƙwarai. Da fasahar daskarar da tayi cikin gaggawa ta inganta, sai aka sami mafita: a daskarar da duka, a dasa a wani wata. Devroey ya yi kira a 2011 da a kafa asibitin da babu ciwon wuce kima a cikinsa ta wannan hanya. Amma a mafi yawan gwaje-gwajen da Cochrane ya tara, hCG aka ba kowane ɓangare aka kuma dasa nan take. Ashe ke nan fifikon aminci da aka samu wa tsarin toshiya bai kai iyakar abin da yake iyawa ba.

Kada kuma a ɗauka daskararwa kyauta ce. Gwajin Chen da abokanta a ƙasar Sin, na 2016, mai mata 1,508 masu PCOS, ya nuna haihuwa 49.3 cikin ɗari ga dashen daskararre, 42.0 ga dashen nan take, amma hawan jinin ciki mai haɗari ya fi yawa ga masu daskararre, 4.4 da 1.4. Gwaje-gwaje biyu na 2018, ɗaya a Sin ɗaya a Biyetnam, ba su ga ƙarin haihuwa ba ga matan da ba su da wannan ciwo. Sabon tsarin da Kuang ya gabatar a Shanghai a 2015, inda ƙwayar furojestin ta sha ke hana ambaliyar LH maimakon allura, ya ƙara rikita lissafi. Ƙwayar tana da araha, amma tana ɓata shirin mahaifa na wannan wata, don haka tilas a daskarar da duka. Wanda ya kwatanta kuɗin ƙwaya da kuɗin allura ya tsaya nan, ya bar kuɗin daskararwa da ajiya da watan jira a waje, bai yi lissafi ba tukuna.

Inda aka yi gwaji da inda za a yi aiki

Duk manyan gwaje-gwajen da na ambata a Turai aka yi su ko a gabashin Asiya. Wannan ba laifin masu yin su ba ne, amma yana da tasiri ga malamin da zai koyar da sakamakonsu a jami'o'inmu. Na yaba wa ma'aunin jimla, watau a bi mace har ta ƙare 'yan tayinta ko ta cika shekara. To amma shi ma wannan ma'auni ya ginu ne a kan zaton cewa macen za ta dawo. A Denmak gwamnati na ɗaukar nauyin zagaye da dama, a Holan inshorar lafiya na yin haka. A Nijeriya galibi iyali ne ke biya daga aljihunsu, da yawa kuwa abin da suka tara na zagaye ɗaya ne, wasu sai an sayar da fili ko gwal. Tsarin sassauci da ya kamo dogon tsari a zagaye na huɗu bai amfani wadda ba za ta ga na biyu ba. Wannan matsin ne kuma ke sa a roƙi likita ya dasa biyu ko uku, tagwaye kuwa abin murna ne a gidajenmu, ko da yake haihuwar bakwaini da zaman jarirai a kwalba sun fi yawa a cikinsu.

Ta ɗaya fuskar kuma, nisa yana ƙara wa aminci nauyi. Ciwon wuce kima iri biyu ne: na wuri, da na jinkiri wanda hCG na cikin da ya shiga ke tayarwa, kwana goma ko fiye bayan ɗibar ƙwai. Matar Kopenhagen tana kusa da asibitin da ya san ciwonta. Wadda ta taso daga Gusau ko Damagaram zuwa wata cibiya a Abuja ko Kano, a lokacin ta riga ta koma gida, kuma mai duba ta a can yana iya ɗaukar kumburin ciki da haki a matsayin laulayi. Bambancin 5.1 da 8.9 na Toftager, a irin wannan hali, ya fi nauyin da yake da shi a ƙasar da aka auna shi. Gajartar kwanakin tsarin toshiya ma kuɗin masauki ne da na mota. Sai dai mafitar daskarar da duka tana bukatar ruwan naitirojin da ba ya yankewa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da hannunsa ya faɗa, kuma cibiyar da daskararrun 'yan tayinta ba sa farfaɗowa da kyau ba ta da ikon aron alƙaluman Shanghai.

Saboda haka abin da nake ba cibiyoyinmu shawara su riƙa rubutawa bai wuce ƙarfinsu ba, ko da ba su iya shirya gwajin mata dubu: kowace macen da aka soma wa allura a shigar da ita lissafi, har da wadda aka soke wa zagaye, domin Cochrane kansa ya nuna sokewa saboda ƙarancin ƙwai ta fi yawa a tsarin toshiya, sokewa saboda tsoron wuce kima kuma ta fi yawa a dogon tsari. A rubuta shekarunta da adadin jakunkunanta kafin magani, a rubuta jimlar abin da ta kashe, a kuma neme ta ta waya bayan mako biyu da ɗiba, da kuma bayan wata tara.